SignalRGB ko OpenRGB: Wacce Za Ta Haɗa Kan Fitilun Kwamfutarka?

Duk wanda ya harhaɗa kwamfutarsa daga shagunan Circle da ke Accra ya san matsalar: kibod na Razer, linzami na Logitech, fanka ta Corsair, kowanne da manhajarsa, kowanne da launin da ya ga dama. Manhajoji biyu sun yi fice wajen haɗa kansu.

SignalRGB ta fi burge ido. Takan ɗauki kayan duka tamkar allo ɗaya, sai ka ga ja ya taso daga maɓallan hagu, ya ratsa kibod, ya faɗa kan linzami, ya ƙarasa a fanka. Gwanin sha'awa, wallahi. Sai dai tana cin ƙarfin kwamfuta, wasu abubuwan kuma sai ka biya da dala.

OpenRGB kuwa kyauta ce ɗungurungum, ba nauyi, har a kwamfuta mai tsarin Linux maimakon Windows tana aiki. Fuskarta dai ba ado, saitinta na son haƙuri. Ƙannena na Nima masu kwamfuta ta hannu, ita nake zaɓa muku.

Ko wacce kuka ɗauka, ku rufe Synapse (manhajar Razer) da iCUE (ta Corsair) tukuna, don kada su yi ta rububin fitila ɗaya tana ƙyaftawa.