Tiren renon tumatir mai ramuka 128: abin da yake yi wa saiwa, da abin da masu sayarwa ba sa faɗa

Tiren roba na renon iri ya fara samun karɓuwa a wajen manoman rani na Kura, Kadawa, Bunkure da Garun Malam, wato yankin da ke shan ruwa daga madatsar Tiga, kuma a yau manyan shagunan kayan noma na Kano da Zariya suna ajiye shi a gefen buhunan taki da gwangwanayen iri. Akwai mai ramuka 72, akwai mai 128, akwai kuma mai 200. Wanda na yi aiki da shi a renon tumatir shi ne mai 128, kuma hukuncina a kansa shi ne kaya ne da ya cancanci kuɗinsa, da sharaɗin manomi ya sauya yadda yake dasawa, domin tiren yana sauya siffar saiwar tumatir tun kafin ta isa gona.

Idan aka shuka ƙwayar tumatir kai tsaye a gona aka bar ta inda ta tsira, takan saki babbar saiwa guda ɗaya wadda ke nutsawa ƙasa, kuma a ƙasa mai laushi tana iya wuce mita ɗaya. Dashe yana hana wannan. A renon gargajiya, inda ake watsa iri a bedi sannan a tumɓuke tsiron bayan wata guda, babbar saiwar takan tsinke tare da yawancin ƙananan da ke shan ruwa, shi ya sa sabon dashe yake langaɓewa kwana da kwanaki kafin ya miƙe, wasu kuma su mutu a koma cike gurbi. A cikin tire kuwa, kowane tsiro yana da raminsa shi kaɗai, kuma idan babbar saiwa ta kai ƙaramar hudar da ke gindin ramin ta haɗu da iska, sai bakinta ya bushe, tsiron ya shiga fitar da ƙananan saiwoyi a gefe har su riƙe ƙasar ramin gam. Ranar dashe ana zaro shi da dunƙulen ƙasarsa ba tare da an tsinka komai ba, kuma idan aka dasa da yamma aka ba shi ruwa, washegari za a tarar da mafi yawansa a tsaye. Wannan shi ne babban abin da mutum yake saya idan ya sayi tire.

Amfani na biyu ya shafi aljihu. Mai shuka tsofaffin ire-ire irin su UC82B ko Roma ba ya jin zafin watsa iri da yawa, amma wanda ya sayi irin haɗi na zamani, wanda ake sayarwa a ƙananan ledoji da tsada, ba zai so ƙwaya ɗaya ta salwanta ba. Giram ɗaya yana ɗauke da ƙwaya kusan 300, kuma a tire ana sa ɗaya a kowane rami, a zurfin da bai wuce rabin santimita zuwa santimita ɗaya ba. Idan aka binne fiye da haka, ƙwayar ƙarama ce, abincin da ke cikinta kan ƙare kafin tsiron ya huda ƙasa.

Inda masu shaguna suke gaza abokan cinikinsu shi ne batun zurfin dashe, kuma a ganina nan ne rabin darajar tiren take. Ramin tire mai 128 bai fi tsawon ɗan yatsa ba, saboda haka dunƙulen saiwar da ke fitowa daga cikinsa gajere ne. Manomin da ya saba da dashen bedi yakan ɗora shi a ƙasa ya rufe daidai bakin dunƙulen, yana tsoron kada kara ya ruɓe. Abin da ke biyo baya shi ne saiwar gaba ɗaya tana zaune a saman ƙasa, inda rana ta fi dukanta kuma laima ta fi saurin gudu, sannan iskar hunturu tana kaɗa siririn karan tana kwantar da shi. Tumatir kuwa ya bambanta da yawancin kayan lambu ta wannan fuska: duk sashen karansa da aka binne a ƙasa mai laima yana fitar da sababbin saiwoyi. Ƙananan ƙurajen da ake gani a gindin tsohon tumatir, waɗanda wasu ke ɗauka cuta ce, mafarin saiwoyi ne da ke jiran ƙasa ta rufe su. Don haka daidai ne a nutsa dashen har zuwa ƙananan ganyaye biyun da suka fara fitowa da tsiron, ko ma zuwa ganyen gaskiya na farko, wato wanda ke fitowa bayan waɗannan biyun. Gwaje-gwajen da aka yi a jihar Florida ta Amurka a shekarun 1990 sun nuna cewa dashen da aka nutsa zuwa wannan matsayi ya fi girma da wuri, kuma ya fi ba da amfani a tsinkar farko, idan aka kwatanta da wanda aka rufe iya dunƙulen saiwarsa kawai. Ban taɓa ganin wannan bayani a jikin kwalin tire ba, ban kuma ji mai shago ya ambata shi ba, alhali jimla biyu sun isa.

Sai dai zurfin yana da iyaka, kuma irin ƙasar ce ke yanke hukunci. A jigawa, inda ruwa ke zurarewa da sauri, nutsa dashe riba ce tsantsa. A fadama mai laka, inda ruwa ke kwanciya bayan ban ruwa, saiwar da aka kai can ƙasa ba ta samun iska, kuma karan da ya daɗe cikin taɓo yana ruɓewa. A irin wannan wuri gara a ɗaga kunya sosai, a dasa a kafaɗarta, a tsaya a ganyaye biyun farko, daga baya a riƙa tura ƙasa gindi lokacin noma. Idan dashen ya zanƙale ya yi tsawo saboda inuwa ta yi masa yawa a wurin reno, ana iya cire ganyen ƙasa a kwantar da karan a gicciye cikin rami mara zurfi, a bar kansa a waje, zai miƙe da kansa cikin 'yan kwanaki.

Tiren yana da nasa aibu. Na farko, ba ya haƙuri da jinkiri. Dashen tumatir yana kai wa cikin makonni uku zuwa huɗu, lokacin da ya yi ganye huɗu ko biyar, kuma idan gona ba ta shirya ba aka bar shi ya wuce haka, saiwoyin sukan nannaɗe a cikin ramin kamar zare a ƙwarya, irin wannan dashe kuwa yakan daɗe a tsumbure ko da an kai shi ƙasa mai kyau. Mai ramuka 200 ya fi saurin faɗawa wannan matsala, shi ya sa ban ba da shawararsa ga tumatir ba, duk da cewa ya fi ɗaukar tsiro. Na biyu, ƙasar gona ba ta yi a cikinsa, domin tana daskarewa ta ƙi fita. Ana buƙatar garin ɓawon kwakwa ko haɗin taki da ya ruɓe sosai da yashi mai laushi, kuma wannan ƙarin kuɗi ne. Na uku, ramin ƙarami ne, yana bushewa cikin sa'o'i, don haka mai reno ba shi da damar yin tafiyar kwana.

Ingancin robar ma ya bambanta ƙwarai. Akwai sirara wadda ke lanƙwashewa idan aka ɗaga ta cike, kuma rana tana sa ta tsage kafin shekara ta zagayo; akwai mai kauri wadda ke yin kaka da yawa idan ana wanke ta ana ajiyewa a inuwa. Kafin a biya, a matsa gindin rami da yatsa a ga ko zai koma yadda yake, a kuma duba ko kowane rami yana da hudarsa.

Lissafin yawa shi ne abin da zai sa wasu su ja baya. Idan aka dasa a tazarar santimita 60 da 50, hekta ɗaya tana cin tsiro sama da 33,000, wato tire kusan 260. Ga mai ƙaramin lambu ko mai shuka irin haɗi mai tsada, wannan jari ne da ke dawowa. Mai babbar gona da ke shuka iri mai araha yana iya fara gwadawa da tire goma ko ashirin a gefe ɗaya, ya dasa rabinsu a zurfin da ya saba, rabi kuma zuwa ganyen farko, ya kwatanta su da dashen bedinsa bayan makonni uku.