Faya-fayai uku na Innova: sun isa zagaye guda na golf ɗin faifai?

Duk wanda ya fara golf ɗin faifai, wato wasan da ake jifan faifan roba har ya faɗa cikin kwandon ƙarfe mai sarƙoƙi, tambayar da ke fara zuwa bakinsa ita ce: guda nawa zan ɗauka? Doka ba ta ba shi amsa. A golf ɗin ƙwallo an ƙayyade sanduna 14, amma hukumar PDGA, wadda ke tsara dokokin wannan wasa tun 1976, ba ta sa iyaka ga yawan faya-fayan da ɗan wasa zai saka a jaka ba. Shi ya sa za ka ga wani da guda biyu a hannu, wani kuma yana goye da fiye da 20. Hukuncinmu a kan kwalin masu koyo na kamfanin Innova, mai faya-fayai uku, shi ne ukun nan sun isa zagaye cikakke na kwanduna 18, kuma za su riƙe mai koyo watanni. Sai dai akwai wuraren da suke gazawa, kuma daga nan ne ya kamata mutum ya san abin da zai ƙara.

A cikin kwalin akwai Aviar, faifan kusa da ake zurawa a kwando. Da Shark, faifan tsakiya. Da Leopard, faifan nesa mai siririn baki. Duka ukun an yi su da robar DX, wadda ita ce ta ƙasa a jerin robobin kamfanin, kuma yawanci nauyinsu bai kai na waɗanda ƙwararru ke jifa ba. A jikin kowanne akwai lambobi huɗu, kuma wanda bai iya karanta su ba zai yi ta saye ne a makance. Ta farko gudu ce, daga 1 zuwa 14 a ma'aunin Innova. Ta biyu shawagi, wato yadda faifan ke daɗewa a iska, daga 1 zuwa 7. Ta uku karkata a farkon tafiya lokacin da yake da ƙarfi, daga +1 zuwa -5. Ta huɗu komowa a ƙarshe idan gudu ya ragu, daga 0 zuwa 5. Ga mai jifa da hannun dama ta bayan hannu, karkatar farko dama take yi, komowar ƙarshe kuma hagu. Bahago sai ya juya lissafin.

Aviar na ɗauke da 2, 3, 0, 1, kuma shi ne gwarzon kwalin. Tun 1984 yake kasuwa, kuma Ken Climo, wanda ya ci kofin duniya sau 12, da irin wannan ƙirar ya yi suna wajen zura kwando. Bakinsa dakusasshe ne mai zurfi, don haka idan ya bugi sarƙoƙi yakan tsaya ya faɗa ciki maimakon ya ratsa ya wuce. Kuskuren masu koyo shi ne su ɗauka aikinsa ya ƙare a mita 10 na kewayen kwando. Bai ƙare ba. Duk jifan da bai wuce mita 40 zuwa 50 ba, Aviar ya fi sauran biyun dacewa da shi, domin a hankali yake tafiya, yana sauka a shimfiɗe, ba ya tsalle ya bar wurin da ya faɗi. A wasan da ake ƙirga yawan jifa, faifan da zai kwanta mita 3 daga kwando ya fi wanda zai wuce shi da mita 12. Kuma babu malami kamarsa: idan wuyan hannunka ya murɗe lokacin saki, nan take zai yi rawa a iska ya kife dama. Faifan nesa kan ɓoye wannan aibi, Aviar ba ya ɓoyewa. A nan robar DX ba nakasu ba ce, domin tana kama yatsu ko da ruwa ya taɓa ta ko ana sanyi.

Shark kuwa 4, 4, 0, 2 ne. Yana tafiya miƙe, ya lanƙwasa hagu kaɗan a ƙarshe, kuma abin dogaro ne a tsakanin bishiyoyi. Ba shi da wani abin burgewa, ba shi kuma da abin zargi, illa dai mai raunin hannu zai ga yana komowa hagu da wuri fiye da yadda yake so a makonnin farko. Da ya ɗan tsufa wannan yakan ragu.

Leopard, mai 6, 5, -2, 1, shi ne dalilin da ya sa muke yaba wa wanda ya haɗa kwalin. An ba mai koyo faifan nesa mai gudu 6, ba mai 12 ba. Lambar gudu ba alkawarin nisa ba ce. Gwargwadon ƙarfin da faifan ke bukata ne kafin ya yi tafiyar da aka ƙera shi don ita. Faifai irin Destroyer, mai 12, 5, -1, 3, bakinsa faffaɗa ne, kuma sai hannun da ke iya kai shi wajen mita 100 ko fiye ne zai ga karkatarsa da shawaginsa. A hannun mai koyo, da an sake shi sai ya lanƙwasa hagu ya soki ƙasa, sau da yawa ma bai kai inda Leopard zai kai ba. Abin da ya fi wannan muni shi ne ɗabi'ar da yake koyarwa: mutum ya fara karkatar da faifai da kafaɗa don ya hana shi komowa, ya saba da hakan, daga baya gyara ya yi wuya. Leopard da -2 ɗinsa yana miƙewa da ƙaramin ƙarfi. Idan aka sake shi da gefen waje, wato wanda ke nesa da hannu, a ɗan sunkuye, abin da 'yan wasa ke kira haiza, zai tashi ya daidaita ya yi tafiya doguwa a miƙe. Idan aka sake shi da gefen a ɗage, wato anhaiza, zai riƙe lanƙwasar dama ya kewaye bishiya. Idan kuwa ka ga yana hawa sama ya tsaya cak ya faɗo hagu, laifin ba na faifan ba ne: hancinsa, wato gefensa na gaba, ne a ɗage lokacin saki. A sunkuyar da wuyan hannu kamar mai zuba ruwa daga buta, a kuma ja faifan a miƙe daidai ƙirji.

Yanzu ga inda kwalin ke gazawa, kuma babban cikinsu robar ce. DX tana cin duka da sauri. Leopard ɗin da ya yi karo da kututture da ƙarfi sau biyar ko shida zai sami tabo da lotsawa a baki, kuma duk faifan da ya tsufa yakan ƙara karkata, ya rage komowa. A Aviar da Shark wannan ba matsala ba ce, wani lokaci ma alheri ne. Ƙwararru kan ɗauki ƙira ɗaya, misali Roc, guda uku ko huɗu masu tsufa daban-daban, kowanne da hanyarsa a iska. Amma Leopard tun asali mai karkata ne, kuma yana tsufa ne daidai lokacin da hannun mai shi ke ƙara ƙarfi. Abubuwa biyun suna haɗuwa, sai wata rana ya kife dama ya faɗi a kan baki ya yi ta gangarawa. Wanda bai san dalili ba zai ɗauka jifansa ne ya lalace. Doka ta yarda a ɗan goge tabon da takardar yashi mai laushi, ba tare da sauya siffar faifan ba, amma wanda ya tsage ko ya huje ya haramta a gasa. Kada kuma a bar DX cikin mota a rana ko a danne shi da kaya, domin yana lanƙwashewa.

Na biyu nauyi. PDGA ta yarda da giram 8.3 ga kowane santimita na faɗin faifai, muddin bai wuce giram 200 ba, shi ya sa yawancin faya-fayan nesa da na kusa ke tsayawa a wajen giram 175. Na cikin kwalin sun fi haka sauƙi, abin da ke taimakon yara da masu koyo su sami nisa, amma iska na wasa da su. Iskar da ke fuskantarka tana ƙara wa faifai gudun da yake ji a jikinsa, don haka ya ƙara karkata. Wadda ke bayanka kuma tana danne shi ƙasa ta sa ya komo da wuri. A ranar iska mai ƙarfi, babu ko ɗaya cikin ukun da za ka jefa gaba da gaba da ita hankalinka a kwance. Abin yi a irin wannan rana shi ne a ajiye Leopard, a ɗauki Shark, a jefa shi ƙasa-ƙasa.

Na uku, faifan kusa guda ɗaya ne tak. A zagaye ya isa, amma a atisaye bai isa ba. Wanda zai jefa ɗaya, ya je ya ɗauko, ya dawo, ba zai taɓa kama salon zura kwando ba.

To, idan za a ƙara, da me za a fara? Da Aviar na biyu, mai nauyi ɗaya da roba ɗaya da wanda za ka riƙa zurawa da shi, ko ma a sayi biyu masu giram 170 zuwa 175 a mayar da na kwalin na jifan tunkarar kwando. Dalili shi ne wanda ake jifa daga nesa yana dukan bishiya da duwatsu, wanda ake zurawa da shi kuwa ana so ya zauna yadda hannu ya san shi. Bayan haka sai faifai ɗaya mai taurin kai, wanda iska ba ta juya shi: Zone na kamfanin Discraft, mai 4, 3, 0, 3, na jifan kusa, ko Teebird mai 7, 5, 0, 2 na nesa. Teebird ko sabon Leopard, a saye su a roba mai ƙarko irin Star ko Champion, tare da sanin cewa a waɗannan robobi faifai yakan fi taurin kai kaɗan idan yana sabo. Wanda ke son faifan tsakiya mai tafiya kamar an ja zare, Mako3 mai 5, 5, 0, 0 ko Buzzz mai 5, 4, -1, 1 zai biya masa bukata. Da haka jaka ta kai guda shida ko bakwai, kuma a ganinmu wannan ya ishi mafi yawan masu wasan nishaɗi shekara da shekaru. Firebird mai 9, 3, 0, 4 da faya-fayan nesa masu faffaɗan baki su jira har sai Leopard da Teebird sun fara kaiwa wajen mita 90 a kai a kai.

Ma'aunin da ya fi kowanne sauƙi shi ne wannan: kafin ka sa faifai a jaka, faɗi jifan da yake yi wanda babu wani a jakar da ke yin sa. Idan ba ka da amsa, nauyi ne kawai. Akwai kuma gwajin zagaye uku: duk wanda ka yi amfani da shi, ka mayar da shi gefe ɗaya na jakar. Waɗanda suka rage a ɗaya gefen bayan zagaye na uku, a bar su a gida. Masu ɗaukar 20 ba su yi kuskure ba idan sun san kowanne, domin yawancin abin da ke jakar ƙwararre maimaicin ƙira kaɗan ne. Amma guda 20 masu giram 175 kilo uku da rabi ne, ban da jakar da ruwan sha da tawul, kuma za a ji su a kafaɗa wajen kwando na 15. Ga mai koyo akwai wata hasara da ta fi gajiya: idan yana sauya faifai a kowane jifa, ba zai gane ko hannunsa ne ya yi kuskure ko faifan ne bai dace ba.

Filin da za a buga shi ma yana da ta cewa. A gajeren fili mai bishiyoyi, Aviar da Shark kaɗai za su yi kusan dukan aikin. Inda akwai tafki ko kurmi mai duhu, nan ne guda uku ke zama kasada, domin ɓatan Leopard a kwando na huɗu na nufin sauran zagayen babu faifan nesa. A irin wannan fili a ɗauki tsohon faifai ɗaya wanda ba za a yi baƙin cikin rasa shi ba, a ajiye shi don jifan tsallaka ruwa. Yawancin faya-fayai nutsewa suke yi. Kaɗan ne, irin Dragon na Innova, aka yi su don su yi iyo. A dokar gasa minti uku ake bayarwa na neman faifan da ya ɓace, idan ba a gan shi ba a ƙara wa mutum jifa ɗaya na hukunci, ya koma inda ya yi jifan baya ya sake. Saboda haka launi ba ado ba ne: ruwan lemo, ruwan hoda da shuɗi mai haske sun fi saurin ganuwa, kore da baƙi da ruwan ƙasa kuwa ciyawa da busasshen ganye na haɗiye su. Idan shago ya ba da zaɓi, a duba launukan cikin kwalin kafin a biya.

Abubuwa biyu ba sa cikin ainihin kwalin mai uku, kuma ana bukatarsu tun ranar farko. Ɗaya alƙalami ne mai tawada da ba ta gogewa, domin doka ta ce kowane faifan da ake wasa da shi ya kasance da alamar mai shi. A rubuta a ƙarƙashinsa, kusa da baki. Ɗayan tawul ne ƙarami, saboda faifan da ya jiƙe da raɓa yakan zame daga yatsu kafin lokacin saki ya tafi hagu. Ƙaramin faifan alama, wanda ake ajiyewa a gaban inda jifa ya sauka, ba dole ba ne, tunda faifan da ya faɗi ma yana iya zama alamar kansa. Amma ga mai guda uku yana da amfani na musamman: idan Shark ne ya sauka kuma Shark ɗin kake son sake jefawa, sai ka sa ƙaramin a gabansa ta wajen kwando, ka ɗauke shi, ka tsaya a bayan alamar.