Gargaɗi ga masu kiwon kifin ado a Legas: mai sayar da rinannen murjani ya dawo da sabon suna

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina juya maganar nan a raina, kunya ta hana ni fitowa da ita. Ba kowa ke son a ji an yi masa sakiyar da ba ruwa ba, balle mutum irina da ya shekara goma sha ɗaya yana kasuwanci a Agege, yana ganin babu salon damfarar da bai sani ba. To shekaranjiya wani ƙanina da ke Idi-Araba ya turo mini wani shafin Instagram, ya ce, "Yaya, duba mini wannan, in tura masa kuɗi?" Ina buɗewa gabana ya faɗi. Hotunan na san su, salon tallan na san shi, suna kawai aka sauya. Mutumin da ya cinye mini naira 465,000 ne.

Ba zan kama sunansa ba, maganar tana hannun hukuma, kuma sunan ma ba shi da amfani tunda kamar riga yake sauya shi. Yadda yake aikinsa zan faɗa, don shi ne abin da ba ya iya sauyawa.

Ga wanda bai san harkar ba, murjanin da nake nufi ba wanda iyayenmu mata ke ɗaurawa a wuya ko sarakunan Benin ke ado da shi ba ne, ko da yake dangi ne. Wancan ƙashin ne aka fere aka goge. Wannan mai rai ne, ana kiwonsa a tankin gilashi na ruwan gishiri tare da kifayen teku. Dabba ce, ba tsiro ba ne, ba kuma dutse ba. Jikinta cike yake da 'yan bakuna masu buɗewa kamar fure su kuma rufe. A cikin namanta akwai wata gansakuka mitsi-mitsi da ido ba ya gani, ita ke karɓar haske ta haɗa abinci ta ciyar da murjanin, ita ce kuma ke ba shi yawancin launinsa na ƙasa-ƙasa. In wahala ta yi masa yawa, musamman zafi, sai ya amayar da ita ya koma fari fat. Ku riƙe wannan, don a kansa duk damfarar ta ginu.

Na shekara biyu ina kiwon kifin ruwan gishiri kafin in yi sha'awar murjani. Na haɗu da shafin mutumin nan a watan Maris. Hotuna kamar ka lashe: kore mai walƙiya, ruwan lemo, shunayya. Na yi masa magana da Turanci, ya ga sunana ya amsa da Hausa tsantsa. "Alhaji, ashe na gida ne! Wallahi kai ɗan'uwa ne, ba zan ba ka farashin 'yan Lekki ba." Nan ya gama da ni. A garin nan ka ji mai yarenka, ka ji yana rantsuwa da Allah, sai ka ajiye rabin wayonka a gefe. Na ce zan zo in gani da idona, ya ce wurin ajiyarsa yana can bayan Ajah, ana gyara, kuma me zai sa in sha cunkoson gadar Third Mainland alhali yana da ɗan babur mai kai saƙo? Na yi cinikin biri a sama, na tura 210,000 na guda huɗu. Sunan da ke kan asusun bankin daban yake da sunan shafin. Na gani, na tambaya, ya ce na matarsa ne. Na wuce.

Kayan sun iso da magariba a cikin kula, kowanne a ledarsa. Na farko murjani mai taushi ne, irin wanda ake kira Sarcophyton, mai kama da naman kaza ko fatar da aka jeme, launinsa rawaya shar kamar an tsoma shi a kurkur. Na lura ruwan ledar ma ya ɗan yi rawaya. Ni da na tashi a unguwar da ba ta da nisa da marinar Ƙofar Mata, wai a ce na ga ruwa ya ɗauki launin kaya ban gane rini ba ne! Akwai Sarcophyton mai rawaya na gaskiya, ana samunsa a wajen Fiji da Tonga, amma launinsa ba ya zama bai ɗaya daga kai har gindi, kuma ba ya zuba a ruwa. Wannan har ƙasan da aka manna a dutse rawaya ne. Kwana biyar bai buɗe bakunansa ba. Na kira shi, ya ce, "Alhaji, saɓa yake yi, ka ba shi lokaci." Abin haushin, wannan magana tana da ƙamshin gaskiya: irin wannan murjani yakan rufe bakunansa na 'yan kwanaki, ya yi wata yana mai sheƙi a jiki, ya saɓe ta ya sake buɗewa. Mutumin ya san harkar, da saninsa yake cuta. Nawa dai bai saɓe komai ba. Launin ya riƙa kwaranyewa, audugar matatar ruwa ta koma rawaya, a mako na uku ya narke ya bar wari kamar bakin kwata.

Na biyu shi ya fi ba ni kunya. Reshe ne na Acropora, fari tas, ya ce mini "farin dawisu" ne, ba kasafai ake samunsa ba, guda biyu kacal suka shigo Najeriya. Babu wani lafiyayyen Acropora da ke fari fat daga sama har ƙasa. Mai lafiya kan bakin rassansa ne kawai ke yin haske, inda yake tsiro. In ka ga fari gaba ɗaya, ko dai ya amayar da gansakukarsa yana bakin mutuwa, ko ya riga ya mutu ƙashi ne ya rage. Bambancin yana ganuwa in ka matso da fitila: wanda ke da sauran rai za ka ga siririn nama garai-garai a kan ƙashin, da 'yan bakuna na leƙowa. Matacce kuwa ramukansa fayau suke, masu kaifi, ba komai ciki. Nawa ƙashi ne aka wanke aka manna a ɗan faifan siminti da gam. Naira 70,000. Cikin kwana goma gansakuka mai ruwan ƙasa ta lulluɓe shi, ni kuma ina murna wai launi ya fara dawowa.

Na uku ja ne mai kyan gaske, Dendronephthya, shi kam mai rai ne kuma launinsa nasa ne. Ƙaryar a nan ita ce cewa da ya yi "na 'yan koyo ne, haske kawai yake so". Wannan iri ba shi da gansakukar nan a jikinsa kwata-kwata, haske ba ya ciyar da shi, sai abinci mitsi-mitsi da ke yawo a ruwa kusan ba yankewa. Ƙwararrun da suka yi shekaru a harkar ma yana gagarar su. Ya yi ta ƙanƙancewa har ya ɓace. Na huɗu dutse ne da wasu 'yan halittu masu gashi, ya ce kyauta-kyauta ya ba ni, wai jariran anemoni ne, wata halittar teku mai kama da fure, dangin murjani. Aiptasia ce, annobar tankin murjani, tana harbin maƙwabtanta tana yaɗuwa kamar ƙaiƙayi. Har yau ina yaƙi da ita.

Da abubuwa suka fara mutuwa, sai ya juya laifin kan ruwana. Zafin Maris ne, wutar NEPA ce, ruwan rijiyar burtsatse ne. Duk waɗannan suna kashe murjani a Legas, ba musu. Amma ni ina da na'urar sanyaya ruwa, tankina ba ya wuce digiri 25 zuwa 26, famfunan suna kan inbata da sola, ruwan kuma tacacce ne na RO (na'urar da ke tace ruwa tsaf) nake haɗawa da gishirin tanki, ma'auni yana nuna gishirin ruwan yana kan 1.025, daidai yadda ake so. Duk da haka na yarda da shi, saboda sabon shiga kullum kansa yake fara zargi. Ya sayar mini da wata kwalba ba tambari a kan 45,000, wai maganin farfaɗo da murjani daga Jamus. Allah kaɗai Ya san abin da ke ciki.

Sai shigo-shigo ba zurfi na ƙarshe. Ya ce don ya share mini hawaye zai sa ni a haɗakar odar da yake yi daga Indunusiya, mutum goma, kowa ya ba da rabin kuɗi, in kaya sun sauka a cika. Ya ce shekara goma ke nan yana shigo da kaya daga can duk wata, bai taɓa fashi ba. Na tura wata 210,000. Bayan mako uku ya kira da murya a sanyaye, wai kaya sun sauka amma sun maƙale a filin jirgi, kowa ya ƙaro 80,000 kafin dare ko su mutu a cikin kwali.

A daren ne na je wajen wani dattijo mutumin Zariya da ke zaune a Apapa, tsohon ma'aikacin jirgin ruwa, wanda ya fi shekara ashirin yana kiwon murjani. Wani abokina ne ya haɗa mu. Na ba shi labari tun daga farko, ya saurara bai katse ni ba, sannan ya ce, "Ɗana, ya nuna maka takardar CITES?" Na ce, "Baba, mece ce ita?" Ya girgiza kai. Ya ce duk murjani mai ƙashi, irin su Acropora da Montipora da Euphyllia, yana ƙarƙashin wannan yarjejeniya ta 1973 da ke kula da cinikin halittun daji tsakanin ƙasashe, Najeriya ma tana ciki, kuma ba ya fita daga ƙasarsa bisa ƙa'ida sai da takardar izini. Mai shigo da kaya na gaskiya yana da kwafinta, ba ya jin haushi in ka nema. Ya ƙara da cewa Indunusiya ta dakatar da fitar da murjani a 2018, sai farkon 2020 ta sake buɗewa. "To shi da bai taɓa fashi ba shekara goma, daga ina yake kawowa a lokacin? Daga kasuwar Mile 12?"

Baba ya karɓi wayata ya sa hotunan shafin a Google Lens, manhajar da ke nemo inda hoto ya fito. Uku daga ciki na wani shago ne a Amurka, ɗaya na Ostireliya. Sannan ya kai ni gaban tankinsa ya kunna shuɗiyar fitila zalla. Komai ya ɗauki walƙiya kamar a mafarki. Ya kashe ya kunna fara, sai ga murjanai masu ruwan ƙasa da kore mai sanyi, lafiyayyu, bakunansu a buɗe suna kaɗawa da igiyar ruwa. Ya ce shuɗin haske yana sa wasu sinadaran jikin murjani su yi ƙyalli, shi ya sa kowane mai talla da shi yake ɗaukar hoto, wasu su ƙara da gyaran waya. Ba laifi ba ne a kalla a haka, amma ba a ciniki a haka. Ka ce a ɗaukar maka bidiyo da farin haske, famfo na aiki, a rubuta sunanka da kwanan wata a takarda a riƙe a jikin gilashin. In ka je da kanka, ka kaɗa hannu a ruwa kusa da shi, mai rai zai motsa ko ya tsuke. Ka tambayi mako nawa ya yi a tankin mai shi. Wanda ya warke a kan faifansa har ya fara malala a gefe ya fi wanda aka yanko jiya aka manna.

Na tura wa mutumin saƙo a gaban Baba, na ce ya turo takardar. Minti biyu ya toshe ni.

Akwai abu ɗaya da ya fi kuɗin tayar mini da hankali. Da muka fara neman juna mu da ya cuta, mun kai mutum bakwai, wata baiwar Allah a Obalende ta ce ya sayar mata da dutse mai Palythoa, waɗannan masu kama da maɓallan riga a jere, da ta ce sun yi yawa suna cinye wuri sai ya ce ta fitar da dutsen ta zuba masa tafasasshen ruwa a kicin. Allah Ya kiyaye ba ta yi ba. Wasu daga cikin irin wannan suna ɗauke da dafin falitoksin, wanda ke cikin mafiya haɗarin dafin da aka sani, kuma tururinsa ya sha kwantar da iyali guda a asibiti a ƙasashen waje. Ba a tafasa dutsen tanki, ba a kankare shi a busashe, ba a taɓa irin su Palythoa sai da safar hannu da tabarau, musamman in akwai rauni a hannu ko yara a gida. Wani kuma daga cikinmu ce masa ya yi murjanin na gida ne, masunta ke ciro masa a Tarkwa Bay, shi ya sa yake da araha. Gaɓar tekunmu ba ta da dazukan murjani irin na Bahar Maliya ko Indunusiya. Ruwan koguna da laka da ke kwarara cikinta ba sa barin su kafu.

A sabon shafin, kayan da ya sa a gaba su ne dai rawayan nan da "farin dawisu", ya kuma ƙara da sabuwar haɗaka wai daga Ostireliya, za a rufe karɓar kuɗi ranar Juma'a. Asusun bankin sabo ne, da sunan wani daban. Ƙanina bai tura ba, alhamdu lillahi.

Mu bakwai mun haɗa shaidar tura kuɗi da hotunan hirarrakinmu da saƙonnin muryarsa, kowa ya sanar da bankinsa, mun kuma kai ƙara sashen 'yan sanda mai binciken zamba da ke Ikoyi. Duk wanda ya gane mutumin nan daga abin da na bayyana, kada ya goge komai a wayarsa, ko da saƙon "ina kwana Alhaji" ne. Ya yi mini magana ta akwatin sirri, za mu koma ranar Litinin da safe, a ƙara sunansa a takardar.