Sharhi a kan kwafin filasta na mutum-mutumin Faun na Barberini

Kwafin da nake magana a kansa ƙaramin mutum-mutumi ne na filasta (farin garin da ake kwaɓawa a zuba a mazubi ya daskare) wanda tsayinsa bai kai rabin mita ba, kuma wani shagon masu zuba kwafin kayan tarihi ne yake sayar da shi ta intanet. Asalinsa kuwa dutsen marmara ne mai tsayin sama da mita biyu, wanda masana suke danganta sassaƙarsa da wajajen shekara ta 220 kafin haihuwar Annabi Isa. An tono shi a Roma, kusa da ganuwar Castel Sant'Angelo, a shekarun 1620, zamanin Fafaroma Urban na Takwas ɗan gidan Barberini, kuma a yau yana gidan tarihi na Glyptothek da ke Munik a ƙasar Jamus.

Abin da aka sassaƙa ƙaƙƙarfan namiji ne tsirara, wato Faun ɗin, daga cikin halittun tatsuniyar Girkawa masu bin allan giya, barci ya kwashe shi a kan dutse, ya jefa hannun dama bayan kansa, bakinsa a ɗan buɗe, ƙafafunsa a ware. Yawancin mutum-mutumin maza na Girkawa a tsaye suke cikin kamewa, suna nuna jarumta. Wannan kuwa ya saki jiki gaba ɗaya, bai san ana kallonsa ba, kuma a ganina wannan haɗuwar ƙarfi da sakaci ita ce ta sa maza masu sha'awar maza suka daɗe suna ɗaukarsa nasu. Irin wannan kallo ba sabo ba ne, domin Johann Winckelmann, Bajamushen da ya wallafa tarihin fasahar mutanen da a 1764, ya siffanta jikin maza na marmara da zafin da masu karatu ba su kasa ganewa ba. A Amurka ma, mujallun masu gina jiki irin su Physique Pictorial, wadda Bob Mizer ya fara fitarwa a 1951, sun riƙa fakewa da tsayuwar Girkawa domin kauce wa hukuma, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke a 1962 cewa irin waɗannan hotuna ba batsa ba ne.

Da wannan ma'auni na duba kwafin, kuma ya ci rabin jarrabawar. Kwanciyar jikin ta fito daidai, musamman yadda ƙirji ya buɗe saboda ɗaga hannu, da yadda wuya ya karkata, da ɗan tamukewar goshi wadda take nuna cewa barcin ba mai daɗi ba ne sosai. Ba su rufe al'aurar da ganye ba, ba su kuma rage ta ba, wanda abin yabo ne, domin da sun yi haka da sun rushe ma'anar aikin.

Inda ya gaza shi ne fata. Marmara tana shan haske ta mayar da shi a hankali, shi ya sa tsokar ciki da ta cinya suke kama da nama mai ɗumi, alhali filastar nan fara ce fat kamar alli, kuma an goge ta har layukan haƙarƙari suka dushe. Akwai kuma tabon haɗin mazubi a gefen cinyar hagu wanda ba a share da kyau ba. Fitila daga gefe tana dawo da wani abu na zurfin tsokar, don haka wurin ajiye shi yana da muhimmanci.

Takardar da ta zo tare da shi ta fi ba ni haushi. Ta yi bayanin shekaru da sunan gidan tarihi, ta ambaci cewa ƙafar dama gyaran baya ce, amma ko kalma ɗaya ba ta ce a kan sha'awar da ke cikin aikin ba, ko da yake shagon ya san sarai su wane ne mafi yawan masu sayensa. Wanda ya taɓa ganin asalin zai ji ƙarancin kwafin nan take. Ga wanda yake son siffar a kan teburinsa, kuma zai iya samar mata haske mai kyau, ya cancanci saye.