Mastas a Zanen Gine-gine: Shekara 3 a Amurka ko Wata 12 a Landan?

Wani ɗan'uwanmu ya kawo tambaya. Yana da digirin farko na shekara 4 a zanen gine-gine daga ƙasarsa, kuma makarantu biyu sun ba shi gurbi. Ɗaya jami'a ce a Amurka, M.Arch (mastas a zanen gine-gine) na shekara 3, an kuma rage masa wani kaso na kuɗin makaranta. Ɗayar tana Landan, ta fi waccan suna nesa ba kusa ba, ita ma MArch aka rubuta a takardarta, sai dai wata 12 ne kacal. Burinsa ya yi aiki 'yan shekaru a can, ya samu lasisi in da hali, daga baya ya ga ko zai koma gida. Tambayarsa ita ce: tunda sunan digirin ɗaya ne, me zai sa ya kashe shekara 3 a kan abin da za a ba shi a shekara 1?

Ɗan'uwa, kama da wane ba ta wane. Haruffan nan na MArch suna rikita mutane da yawa, domin makarantu suna liƙa su a kan digiri iri biyu da ba aiki ɗaya suke yi ba. Akwai wanda hukumar ba da lasisi ta amince da shi a matsayin matakin zama akitek, wato mai zanen gine-gine mai lasisi. Akwai kuma na ƙarin ilimi, wanda aka tsara don wanda ya riga ya wuce wancan matakin. Kafin ka kalli kuɗi ko suna, gano wane iri ne kowannensu.

A Amurka hukumar da ke tantance kwasa-kwasan ita ce NAAB, kuma digiri take tantancewa, ba makaranta ba. Harvard tana da M.Arch I mai zango 7, wanda NAAB ta amince da shi, tana kuma da M.Arch II na waɗanda suka riga suka mallaki digirin sana'a, wanda ba ya cikin jerin. Gini ɗaya, malamai kusan ɗaya, amma takardun biyu ba ƙofa ɗaya suke buɗewa ba. Yawancin jihohin ƙasar suna neman digirin da NAAB ta tantance kafin su ba da lasisi. Na shekara 3 da aka ba ka alamunsa na irin wannan ne, amma ka shiga jerin NAAB ka ga sunan digirin da idonka.

A Birtaniya kalmar akitek tana ƙarƙashin kariyar dokar 1997, ba mai amfani da ita a sana'a sai wanda ke cikin rajistar ARB, hukumar rajistar akitek ta ƙasar. Hanyar da aka saba matakai uku ce, Part 1, Part 2 da Part 3. Part 1 shi ne digirin farko, Part 2 mastas na shekara 2, Part 3 kuma jarrabawar ƙarshe bayan aikin horo. Makarantar Bartlett ta jami'ar UCL da ke Landan tana da MArch na shekara 2 mai ɗauke da Part 2, tana kuma da wani MArch na wata 12 da ba ya ɗauke da shi. Shirin DRL na AA, wata makarantar zanen gine-gine a Landan, shi ma MArch ne, wata 16, ba Part 2 a ciki. Saboda haka in takardarka ta ce wata 12, kuma ba ka ga inda aka rubuta Part 2 ba, ka ɗauka babu. Za ka gama, ka karɓi shaida mai kyau daga makaranta mai suna, amma ta fuskar rajista kana nan inda ka taso.

Akwai wani ramin ko ga wanda ya samu Part 2 ɗin. Wasu makarantu suna ɗaukar mai digirin farko daga waje su sa shi a Part 2 alhali ba shi da Part 1, sai ya gama sannan ya tarar akwai giɓi. An saba cike shi da jarrabawar ARB. A 2023 hukumar ta sanar da sauya tsarin gaba ɗaya, ana kuma cikin aiwatarwa, don haka abin da wanda ya gama shekara 5 baya zai gaya maka ba lallai ya yi aiki a kanka ba. Ka rubuta wa ARB kai tsaye. Kuma amincewar RIBA, ƙungiyar akitek ta Birtaniya, ga wata makaranta a waje daban take da amincewar ARB. Mutane suna yawan haɗa su.

Yanzu batun shekara 3. Mai digirin farko a wannan fanni sau da yawa yana iya neman a tsallakar da shi shekarar farko, karatun ya koma shekara 2. Makarantu da dama suna yin haka, amma ba sa yi da fatar baki. Abin da suke so su gani shi ne cikakken bayanin kowane kwas da ka yi: lissafin ƙarfin gini, kayan gini da yadda ake haɗa su, iska da haske da zafi a cikin gini, tarihin gine-gine, da adadin zangon da ka yi a situdiyo, wato ajin aikin zane. Takardar sakamako kaɗai ba ta isa, domin suna kawai take nunawa. Ka tattaro manhajar kowane kwas mai nuna abin da aka koyar mako-mako, ka haɗa da zanen da ka yi a ciki. Inda ake yawan faɗuwa shi ne a nuna hotunan gini masu sheƙi goma, babu zane ko ɗaya da ya yanka bango ya nuna yadda rufi ya zauna a kansa. Masu tantancewa wannan suke nema. In an amince, shekara guda ta kuɗin makaranta da haya ta sauka daga wuyanka, wanda sau da yawa ya fi ragin da aka yi maka.

Inda hanyoyin biyu suka fi rabuwa shi ne bayan kammalawa, kuma a nan ya kamata ka fi daɗewa.

Lasisi a Amurka ƙafa uku gare shi: digiri, awa 3,740 na aikin horo da hukumar NCARB ke lissafawa a fannoni 6, da jarrabawar ARE mai kashi 6. Yi lissafin da kanka. Awa 40 a mako har mako 52 awa 2,080 ke nan. Ɗalibin da ke kan bizar karatu ta F-1 yana samun izinin aiki na wata 12 bayan karatu, wanda ake kira OPT. Ka ga ke nan wata 12 ba su kai ka. Amma in an ajiye digirinka a rukunin kimiyya da fasaha, ana ƙara wata 24, su zama 36. Abin da ke raba wannan da wancan 'yar lamba ce a shafin farko na I-20, fom ɗin da makaranta ke ba ɗalibin waje don neman biza, a gefen sunan kwas. In 04.0902 ce, kana cikin masu ƙarin. In 04.0201 ce, wata 12 ne. Makarantu da yawa sun koma ta farkon, amma ba duka ba. Tun kafin ka biya kafin alƙalami, ka rubuta wa ofishin ɗaliban ƙasashen waje ka ce su gaya maka lambar da za ta fito a naka. Ƙarin kuma yana da sharaɗi: sai kamfanin da ya ɗauke ka yana cikin E-Verify, tsarin gwamnati na tantance izinin aikin ma'aikata, kuma ƙananan ofisoshin zane ba duka ne suke ciki ba.

Abu biyu ke ɓata wa ɗalibai OPT. Na ɗaya, wanda ya tara wata 12 yana aikin cikakken lokaci da CPT, izinin aikin horo na lokacin karatu, ya rasa OPT ɗinsa. Na biyu, lokacin nema: ana iya turawa daga kwana 90 kafin ranar gamawa zuwa kwana 60 bayanta, kuma dole takardar neman ta isa cikin kwana 30 da shigar da shawarar jami'in makaranta. Bayan OPT sai bizar aiki ta H-1B, mai gurbi 85,000 a shekara, masu nema kuma sun fi gurbin yawa. Kada ka gina komai a kanta.

A Birtaniya bizar masu kammala karatu, wadda aka buɗe a 2021, shekara 2 ce, kuma gwamnati ta sanar za ta koma wata 18 daga Janairun 2027. Daɗinta shi ne ba ta neman kamfani ya tsaya maka. Wahalarta na zuwa a ƙarshe: sai ka samu mai ɗaukar nauyinka da albashin da ya kai iyakar da aka sa, wadda ta tashi daga fam 26,200 zuwa 38,700 a 2024, ta sake hawa 41,700 a 2025. Akwai rangwame ga sababbin shiga, amma na ɗan lokaci ne, kuma albashin mataimakin akitek da bai daɗe da fitowa ba sau da yawa bai kai can ba. Part 3 kuwa yana neman wata 24 na aikin horo. Ga wanda ya yi na wata 12 ma maganar Part 3 ba ta taso ba. In kana da iyali, ka sani tun Janairun 2024 ɗalibin mastas na aji, wato wanda ba na bincike ba, ba ya zuwa da su a kan bizarsa.

Ta fannin kuɗi, na Landan zai fi sauƙi a jimla kusan kowane lokaci, ba sai an ja ba. A ce an rage maka kashi 40 cikin 100 a Amurka: shekara 3 ke nan kana biyan kashi 60, wato kuɗin shekara ɗaya da kashi 80 na wata, ga haya da abinci na shekara 3, ga inshorar lafiya ta dole. Ka tambaya a rubuce ko ragin na kowace shekara ne ko na farko kawai, da makin da ake so ka riƙe. Ka sa a lissafi kuɗin kwali, katako, buga manyan zane, injin yanka da tafiyar situdiyo. Ba sa fitowa a takardar gurbi amma kowane zango suna nan. Aikin da aka yarda ka yi lokacin karatu awa 20 ne a mako a ƙasashen biyu, a Amurka ma cikin harabar makaranta, kuma situdiyo ba ya barin mutum ya cika su. A Birtaniya ana biyan kuɗin lafiya fam 776 na kowace shekara tun wajen neman biza, sannan kuɗin da za ka nuna sai sun kwana 28 a jere a asusu. In suka yi ƙasa da adadin ko da na yini ɗaya, lissafi ya koma farko.

Karatun kansa ma ba ɗaya ba ne. Na wata 12 bincike ne a kan abu guda, galibi zane da kwamfuta, sarrafa kaya da injina, ko tsara birane, kuma a rukuni ake yi. Ka fito da aiki ɗaya mai zurfi wanda ku uku ko huɗu kuka yi, mai ɗaukar aiki kuma zai tambaye ka wanne ne hannunka a ciki. Na shekara 3 yana bi da kai ta situdiyo bayan situdiyo har zuwa wanda za ka haɗa gini guda da ginshiƙansa, hanyar tsira daga gobara, hanyar shigar masu buƙata ta musamman da na'urorin iska. Ga mai digiri a fannin, shekarar farko za ta zama maimaici, wannan gaskiya ce. Don gane ingancin kowacce, kada ka tsaya a ayyuka biyar da makaranta ta zaɓa ta tallata. Nemi kundin baje-kolin ƙarshen shekara ka duba na tsakiya, domin a nan yawancin ɗalibai suke. Ka tambaya ɗalibi nawa malami ɗaya ke riƙewa, da yadda ake raba situdiyo. A wurare da yawa ƙuri'a ake yi, shahararren malamin da ya ja ka zuwa can wataƙila ba za ka taɓa zama ajinsa ba.

Ga yadda muke gani. Da burin da ka faɗa, na yin aiki da neman lasisi, na Amurka ne ya dace, muddin sunan digirin yana jerin NAAB, lambar 04.0902 ce, kuma kuɗin shekarun duka suna da tushe tun yanzu. Yana da wata riba ma: yarjejeniyar ARB da NCARB ta 2023 ta buɗe wa mai lasisi da digirin NAAB hanyar rajista a Birtaniya, ko da yake ba duka jihohi ne suka shiga ba. Na wata 12 ya fi dacewa da wanda ya riga ya cika sharaɗin lasisi a ƙasarsa, yana son ƙwarewa a fanni guda ko yana hangen koyarwa da digiri na uku. In Landan ɗin ce ta kwanta maka a rai, to na shekara 2 mai Part 2 za ka nema, ko da zai sa ka jira zagaye na gaba. Kowanne ka zaɓa, aika wa hukumar rajistar ƙasarka sunan digirin da tsawonsa ka ji ko za ta karɓa. Da yawa suna ƙirga shekarun karatu, kuma mizanin ƙungiyar akitek ta duniya shekara 5 ne.

Jami'o'in Amurka da yawa suna cikin yarjejeniyar da ta ba ɗalibi har 15 ga Afrilu kafin ya amsa tayin tallafi. Yi amfani da kwanakin. Rubuta wasiƙa ɗaya, gajera, ga shugaban shirin: ka ce makarantarsu ce zaɓinka, ka faɗi adadin da ya rage maka a lambobi, ka haɗa takardar ɗayan gurbin, ka tambaya ko za a sake duba tallafin ko a ba ka aikin taimaka wa malami. A wasiƙar ka nemi a duba batun tsallake shekarar farko, da manhajojin kwasa-kwasanka a haɗe cikin fayil guda, kowanne da lambarsa kamar yadda take a takardar sakamako.