Tsakanin "perm" da naɗin gashi da ƙarfen zafi

Ana yawan tambayata wanne ya fi tsakanin yin "perm" da naɗa gashi da ƙarfen zafi. Kalmar "perm" gutsure ce daga "permanent" ta Turanci, wato abin dindindin.

Wajen yin "perm", ana naɗa gashi a jikin 'yan sanduna, a shafa sinadarin da ke kwance haɗin da ke riƙe da siffar silin gashi, sannan a zuba wani ya ɗaure shi a sabuwar siffa. Yakan kai wata 3 zuwa 6, kuma gashin da ya tsiro daga baya yana fitowa ne yadda yake tun asali. Naɗin ƙarfen zafi kuwa, da zarar ruwa ya taɓa shi ya warware.

Kuɗin "perm" ya fi yawa a zama ɗaya, amma yana rage wahalar gyara kowace safiya. Abin da ya fi damuna shi ne haɗarinsa, domin idan sinadarin ya wuce lokacinsa yana iya ƙona fatar kai, gashi ya riƙa kakkaryewa a bakin mataji. Zafi ma yana busar da gashi idan aka mayar da shi al'ada.

Mai lafiyayyen gashi da ke son siffa ɗaya ta daɗe, "perm" ya dace da ita. Wadda rini ya raunana gashinta, ko take son kwalliyar kwana ɗaya, ƙarfen zafi ya ishe ta.