Madarar kwalba a bakin ƙofa: abin da na gani a wurin masu kawo mini ita a Birmingham

Tun kullen korona na 2020 wani ƙaramin kamfanin madara da ke wajen gari yake ajiye mini kwalabe a bakin ƙofa, Litinin da Laraba da Juma'a. Ɗiyata ce ta yi mini rajista, don a lokacin ba ta so in riƙa shiga kanti. Sai da muka yi jira kafin a karɓe mu, saboda a wata guda kowa a Ingila ya tuna da mai madara. Mata da dama a nan suna tambayata ko abin ya kai kuɗinsa, shi ya sa na ce bari in rubuta, ni ganau.

Madarar kanta ba ni da abin cewa sai alheri. Ina karɓar mai farin murfi, wato murfin alminiyam da ba shi da launi, irin wadda na fara sha a ƙasar nan. An ɗumama ta don kashe ƙwayoyin cuta kamar yadda aka saba, zafin digiri 72 na daƙiƙa 15, amma ba a bi da ita ta injin da ke farfasa maiƙo ba. Madarar jarka ta manyan kantuna kusan duka an tura ta da ƙarfi ta ƙananan kafofi har maiƙon ya dagargaje ya haɗe da ruwan, shi ya sa daga samanta har gindinta ɗaya take. Wannan kuwa in ta zauna, sai maiƙon ya taso ya taru a wuyan kwalbar, kaurin yatsa biyu, ya ɗan fi na ƙasan rawaya. Ka ɗaga ta saitin taga za ka ga layin da ya raba su. Buɗe ta ma da yadda ake yi: ka danna babban yatsa a tsakiyar murfin, ya lotsa, gefensa ya ɗago, ka cire shi bai yage ba, har ka mayar in ba ka shanye ba. Mai son ta haɗe sai ya toshe bakin ya girgiza. Ni ba na girgizawa. Saman nan shi nake zubawa a shayin farko, sauran ta rana.

Ranar da jikana ya fara ganinta a firji ya ɗauko ta yana yamutsa fuska. "Kaka, wannan ta lalace, wani abu ya taru a sama." Na ce, "Zo nan maigidan, kawo cokali." Ya lasa, ya sake miƙo cokalin. Yanzu in ya kwana a wurina shi ne mai buɗe ƙofa da safe.

Wanda zai fara oda ya lura da launin murfi, domin ba ɗaya ba ne da na jarka. A jarkar roba shuɗi ne cikakkiya, kore wadda aka rage wa mai, ja wadda aka kwashe shi. A kwalba kuwa ja cikakkiya ce da aka farfasa maiƙonta, mai zanen ja da fari ita ce aka rage, mai zanen shuɗi da fari aka kwashe. Mai murfin ruwan zinari ta shanun Jersey da Guernsey ce, maiƙonta ya kai kashi 5 cikin 100, alhali cikakkiyar da aka saba ba ta wuce uku da rabi zuwa huɗu. Wannan kamfanin yana da ita, kuma tana da kyau ƙwarai, sai dai ta yi wa shayi nauyi. Ina karɓarta ne in zan gasa shinkafa da madara, abincin da tsohuwar da muka yi haya a gidanta ta koya mini.

A 1984 muka zo, Malam yana karatu, muna ɗakuna biyu a saman benen wannan baiwar Allah, mijinta ya rasu. A layinmu gidan da ba a ajiye wa madara ba sai dai in ba kowa a ciki. Motar mai madarar da batir take aiki, ba ƙofa ba gefe, kiret-kiret a jere a bayanta, kuma ba ta da gudu ko kaɗan. Dalili a fili yake: abin da zai tsaya a kowane gida uku, da sassafe mutane na barci, ba ya bukatar injin mai ƙara. Tun kafin a fara maganar motocin lantarki na zamani, dubban irinta suna yawo a titunan Birtaniya. Ba ka jin komai sai ɗan gunji ƙasa-ƙasa da kacau-kacau ɗin kwalabe in ta taka rami. Da hunturu ina sallame asuba nake jin ta ta shigo layin.

Tsohuwar ce ta koya mini ladubban abin. Kwalba ta kamfani ce, aro aka ba ka, za a wanke ta a sake cikawa sau da yawa. A ɗauraye ta tas kafin a fitar, domin ajiye kwalba mai dauɗa a bakin ƙofa abin kunya ne a layin. In kana son ƙari ko za ka yi tafiya, ka rubuta a 'yar takarda, ka naɗe, ka soka a bakin kwalbar da ba komai. "Ƙara ɗaya yau." "Kar a kawo sai Litinin." Shi ke nan, ba waya ba komai, kuma ban taɓa ganin saƙon ya ɓata ba. Ranar Juma'a da yamma mai madarar yana zuwa da jakar fata da littafinsa ya karɓi kuɗin mako. Kwalba ɗaya, mai cin mililita 568, ba ta kai rubu'in fam ba a lokacin. Makon da kuɗin karatun Malam suka yi jinkiri, na fara yi masa bayani, ya rufe littafin ya ce sai mako mai zuwa. Akwai kuma wata madara da tsofaffin Birmingham suke so, mai doguwar kwalba da murfin ƙarfe irin na lemo, an dafa ta sosai har ta ɗan yi duhu, tana daɗewa ba firji. Tsohuwar ba ta shan shayi sai da ita. Ni ban taɓa sabawa da ɗanɗanonta ba.

Sai tsuntsaye. Akwai wani ɗan tsuntsu mai shuɗin kai da rawayan ƙirji da ya gano cewa in ya tsaga murfin da baki zai tarar da maiƙo. An fara rubuta ganinsa yana haka a Swaythling, kusa da Southampton, a 1921, kuma a 1949 masana biyu, James Fisher da Robert Hinde, suka wallafa yadda ɗabi'ar ta bazu a ƙasar. Ba madarar yake so ba, cikinsa ba ya iya narkar da sukarin da ke cikinta, maiƙon saman yake bi. Na sha tarar da murfi a huje, maiƙon ya ragu da rabin yatsa. Tsohuwar takan bar kofunan yogot guda biyu a bakin ƙofa, mai madarar ya kifa su a kan kwalaben, kuma bai taɓa mantawa ba. Tun da na dawo karɓar madarar kwalba ban ga murfi ɗaya a huje ba. Tsuntsayen suna nan a lambuna, amma waɗanda suka iya sun mutu, kwalaben da 'yan baya za su koya a kansu kuma sun yi ƙaranci.

A sanyin Janairun 1987 na ga abin da ban taɓa gani ba. Madarar ta daskare a cikin kwalbar, ta kumbura, ta turo sama ta bakin, farin ƙanƙara tsawon ɗan yatsa, murfin yana zaune a kansa kamar hula.

Hausawa na cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma ba komai na da ne mai daɗi ba. Maƙwabciyata Baturiya har yau ba ta iya shan madara zalla, saboda 'yan ƙananan kwalaben da ake raba musu kyauta a makaranta tun 1946, waɗanda ake ajiyewa kusa da abin ɗumama aji har su yi ɗumi su fara wari. Duk da haka ba ta yafe wa Margaret Thatcher ba, wadda a 1971, tana ministar ilimi, ta soke rabon ga yaran da suka haura shekara bakwai. Mu ma da kanmu muka sallami mai madararmu a shekarun 1990, da yara suka girma kowa na shan kofi biyu, jarkar kanti kuma ta fi araha nesa ba kusa ba. Haka kusan kowa ya yi. Firji ya shiga kowane gida, mota ta samu, ana sayayyar mako a tashi ɗaya, hukumar da ke tsara cinikin madara tun 1933 aka karɓe ikonta a 1994. A 1980 kusan tara cikin goma na madarar da gidaje ke sha bakin ƙofa ake kai ta. Yau abin ya koma wajen kashi 3 cikin 100.

Daga nan matsalar kamfanin nan nawa ta samo asali, don haka ba na ɗora musu laifin duka. Da layi ɗaya ya ishi mutum ya sauke kiret biyar. Yanzu a layinmu gida uku ne muke karɓa, saboda haka direban yana zagaye unguwanni masu nisa da juna a motar dizal, kuma yana isowa wurina tsakanin ƙarfe ɗaya da biyu na dare. Da hunturu ba komai, waje ya fi firji sanyi. Da bazara kuwa rana na fitowa tun kafin biyar, ƙofata tana kallon gabas, kwalbar kuma garau take. Haske yana lalata bitamin B2 da ke cikin madara, yana kuma sa mata wani ɗanɗano marar daɗi, ko ba ta yi tsami ba. A zafin Yulin 2022, da aka fara ganin digiri 40 a ƙasar nan, madarar da aka kawo ba ta kai washegari ba ta tsinke a shayi. Na sayi akwati mai riƙe sanyi na ajiye a gefen ƙofa, direban yana sakawa a ciki, daga nan abin ya gyaru. Amma kamfanin da ya san ƙarfe nawa yake kawowa, shi ya kamata ya faɗa wa sabon mai saye wannan tun ranar rajista, ko ya ba da akwatin aro yadda yake ba da kwalba.

Takardar bakin kwalba kuma ta tafi. Komai ta manhaja ne, kuma in ƙarfe tara na dare ta wuce ba a canja oda. Ga matasa wannan sauƙi ne. Ga tsofaffi, waɗanda su suka fi kowa bukatar a kawo musu har gida, katanga ce. Na taɓa gwada soka takarda, da safe na tarar da ita a ƙasa ruwa ya jiƙa ta. An sha rashin kawowa, ba da yawa ba, kuma suna mayar da kuɗi ba gardama a ranar, wannan na yaba musu. Sai dai ba wanda za ka yi wa magana baki da baki. Ka tura saƙo, amsa ta zo, kowane lokaci da sunan wani daban.

Abin da ya fi damuna shi ne ban san fuskar mai kawo mini madara ba, shi ma bai san tawa ba. Mai madararmu na da ya san gidan da aka yi haihuwa, ya san wanda aka sallama daga aiki. Akwai wani dattijo da ke zaune shi kaɗai a ƙarshen layin. Wata safiya mai madarar ya tarar da kwalbar da ya ajiye jiya tana nan ba a ɗauka ba. Ya ƙwanƙwasa shiru, ya leƙa ta ramin wasiƙa, ya zo ya buga mana ƙofa a kira motar asibiti. Mutumin ya faɗi ne a ƙasan bene tun daren shekaranjiya, kuma ya rayu. Yanzu ni ce mai zama ni kaɗai tun rasuwar Malam, Allah ya jiƙansa. Na rubuta wa kamfanin na tambaye su ko direba yana da umarnin ya sanar in ya ga kwalaben da ya ajiye ba a taɓa ba. Suka amsa da ladabi cewa direbobinsu suna canjawa, ba za su iya alkawari ba. Na fi son wannan amsar da a yi mini ƙarya, amma raina bai so ba, domin aiki ne da ba ya cin ko sisi: layi ɗaya a manhajar direba da lambar wayar ɗan'uwa.

Batun kuɗi ba ɓoye-ɓoye. Kwalba ɗaya ta haura fam guda, jarkar kanti mai cin kwalba huɗu kuwa ba ta kai fam biyu ba. Gida mai yara huɗu ko biyar ba zan ba su shawarar su dogara da wannan ba, zai cinye musu kuɗin cefane. Mai zama shi kaɗai, ko mata da miji, ko wanda ɗaukar jarka daga kanti ke ba shi wahala, ko wanda tarin roba a shara ke damunsa, zai ji daɗinsa, muddin ya tanadi akwati. Suna kawo ƙwai da burodi da ruwan lemo a kwalba su ma. Ƙwan yana da kyau, burodin tsada ne kawai.

Ni dai na tsaya a kwalba biyu mai farin murfi kowane zuwa, in yara za su zo in ƙara jarka daga kanti don girki. Maganar lura da kwalaben da ba a ɗauka ba kuwa ban bar ta ba. Na yi wa sauran gidaje biyun na layinmu bayani, dukansu tsofaffi ne, sun yarda mu sa hannu a wasiƙa ɗaya, kuma ɗiyata tana nemo mana adireshin manajan da ke tsara zagayen direbobi.